Raƙumi A Ƙasar Ƙanƙara: Nazari A Kan Tarihin "Da A Ce"

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce da-na-sani ƙeya ce. Wannan ya sa Bahaushe ba ya son a tsaya ana tauna abin da ya riga ya wuce, balle a riƙa cewa da an yi kaza, da kaza ya faru. Duk da haka, a cikin adabin duniya akwai wani reshe na ƙagaggun labarai wanda a kan kalmar "da a ce" aka dasa shi tun daga saiwa. Marubuci kan ɗauki wani al'amari guda na tarihi wanda kowa ya san yadda ya kasance, ya juya shi, sannan ya bi sawun abin da juyin nan zai haifar. Philip K. Dick na Amurka ya yi haka a 1962 cikin littafinsa The Man in the High Castle, inda ya ƙaddara cewa Jamus da Japan ne suka ci Yaƙin Duniya na Biyu. Kim Stanley Robinson kuwa, a cikin The Years of Rice and Salt na 2002, ƙaddarawa ya yi cewa annobar ƙarni na 14 ta kusa share mutanen Turai baki ɗaya, ragamar duniya ta koma hannun Musulmi da mutanen Sin da na Indiya. A wannan maƙala za mu kira wannan reshe da sunan "tarihin da-a-ce".

Daga cikin tambayoyin da masu sha'awar wannan fanni kan jefa akwai wadda ta ja hankalinmu, wato: da a ce mutanen arewacin Turai sun riƙi raƙumi dabbar gida a tsakanin ƙarni na 5 da na 15 na Miladiyya, yaya ƙasarsu za ta kasance? Mun zaɓi wannan tambaya ne domin raƙumi dabba ce da mai karatu na ƙasar Dutse ya sani ido da ido, ba sai an kwatanta masa ba. Za mu gwada tambayar mu ga ko tana tsayuwa da ƙafarta, mu fitar da ma'auni daga cikinta, mu auna wasu littattafanmu da shi, sannan mu nuna cewa irin wannan labari yana nan kwance a ƙofar gidanmu yana jiran mai alƙalami.

Shin Ya Halatta A Ce "Da A Ce"?

Kafin mu yi nisa, wajibi ne mu tsaya a kan wata ƙorafi da muka san za ta zo wa mai karatu Musulmi. Akwai hadisi a cikin Sahihu Muslim da ya yi gargaɗi game da kalmar "lau", wato "da a ce", saboda tana buɗe wa Shaiɗan ƙofa. Abin da malamai suka fahimta daga wannan hadisi shi ne hani ga mutumin da musiba ta same shi ya zauna yana cizon yatsa yana jayayya da ƙaddara. Imam Buhari ma ya ware babi guda a cikin Sahihinsa a kan inda faɗin "lau" ya halatta. Manomin da ya ce da na yi shuka da ruwan farko da gerona ya fi haka, idan nufinsa ya gyara a baɗi, darasi yake ɗauka. Tarihin da-a-ce na ƙwarai a wannan sahu yake, domin aikinsa shi ne binciken sabubba. Allah Maɗaukakin Sarki kuma, a cikin Suratul Gashiya, raƙumi ne ya fara ambata daga cikin abubuwan da ya kira mu mu duba yadda aka halitta su. To, bari mu duba.

Raƙumi Da Sanyi

Abu na farko da marubucin wannan labari zai ci karo da shi shi ne bambanci tsakanin horar da dabbar daji har ta zama ta gida, da kuma sayo wadda wasu suka riga suka horar. Raƙumi mai tozo ɗaya, irin namu, an mayar da shi dabbar gida ne a Tsibirin Larabawa kimanin shekaru 3,000 da suka wuce. Mai tozo biyu kuwa ya riga shi, a tsakiyar Asiya, fiye da shekaru 4,000. A zamanin da tambayarmu take magana a kai babu raƙumin daji ko ɗaya a dazuzzukan Jamus ko Suwidin da wani zai kama ya horar. Ke nan marubuci ko dai ya shigo da raƙumin ta hanyar fatauci, ko kuwa ya koma baya can da nisa ya canza tarihin dabbar kanta.

Wanda bai yi bincike ba zai zaci sanyi ne babban cikas. Sanyi kuwa shi ne mafi sauƙi daga cikin matsalolin. Masana tsofaffin ƙasusuwa sun nuna cewa asalin dangin raƙumi daga Amurka ta Arewa ne, daga can suka ƙetaro Asiya. A 2013 Natalia Rybczynski da abokan aikinta suka bayyana ƙasusuwan wani ƙaton raƙumi da aka tono a tsibirin Ellesmere, can ƙurewar arewacin Kanada, waɗanda aka ƙiyasta shekarunsu da kimanin miliyan uku da rabi. Har gobe kuma raƙumi mai tozo biyu yana rayuwa a Mongoliya, inda hunturu kan daskarar da ruwa wata da watanni, yana kuma rayuwa a wurin Kalmukawa na kudancin Rasha.

Matsalar raƙumi ita ce laima. Duk wanda ya taɓa ganin amale ya shiga caɓi ya san abin da muke nufi. Tafin ƙafarsa faffaɗa ne mai taushi, ba shi da kofato irin na doki da zai kama ƙasa, saboda haka a kan rairayi sarki ne, a kan taɓo kuwa sai santsi, in ya zame ƙafafunsa suka buɗe yana iya nakasa. Arewacin Turai ƙasa ce ta yayyafi da fadamu da daji mai duhu. Bugu da ƙari raƙumi mai son gishiri ne ƙwarai, ga shi da jinkirin yaɗo: taguwa kan ɗauki ciki na kusan wata 13, ta haifi ɗa guda, galibi sai bayan shekara biyu ta sake. Garken da cuta ta rage ba ya farfaɗowa da wuri. Sannan mutanen can ba su rasa abin sufuri ba. Suna da koguna da jiragen ruwa, suna da doki da takarkari, can ƙurya kuma suna da wata irin barewa da suke ɗaura wa kaya ta ja a kan ƙanƙara.

Abin sha'awa shi ne tarihi ya riga ya yi wannan gwaji. An tono ƙasusuwan raƙuma a wurare da dama na arewacin daular Rum, har da ƙasar Beljiyam ta yau. A shekarar 613 an ɗora tsohuwar sarauniya Brunhilda ta ƙasar Faransa a kan raƙumi aka zagaya da ita gaban mayaƙa don a wulaƙanta ta kafin a kashe ta. A 986 Mieszko, mai mulkin Folan, ya kai wa yaron sarki Otto na Uku na Jamus kyautar raƙumi. Wato raƙumi ya sha zuwa arewa, amma sau da yawa a matsayin abin kallo ko abin alfaharin sarakuna. Bai taɓa zama dabbar talaka ba. A Ostireliya kuwa, inda aka fara kai shi a 1840, da yake ya tarar da busasshiyar ƙasa, sai ya yaɗu har ya koma daji.

Inda Raƙumi Ke Sauke Kaya

Shaida mafi amfani ga marubuci tana cikin rahoton Ahmad ibnu Fadlan, wanda ya tashi daga Bagadaza a 921 cikin tawagar da Halifa Muƙtadir ya aika wa sarkin Bulgar, a bakin kogin Bolga na ƙasar Rasha ta yau, suka isa a 922. Sun yi tafiyar ne cikin babban ayari, da raƙuma masu tozo biyu, cikin sanyin da ya ce har gemunsa ya daskare. A can ya haɗu da mutanen Rus, fataken arewa masu zuwa da jiragen ruwa. Dirhamin azurfa na ƙasashen Musulmi, wanda ake tonowa dubbai a tsibirin Gotland na Suwidin, ta irin wannan hanya da yawansa ya bi: raƙumi ya kawo shi bakin kogi, jirgi ya karɓa ya wuce da shi.

A nan ma'auninmu yake. Raƙumi yana da iyaka, kuma a daidai iyakar nan, inda dole ya durƙusa a sauke masa kaya a ɗora wa wani, nan kasuwa take ci, nan dillali da fatoma da mai karɓar haraji suke samun abinci, nan birni yake girma. Saboda haka marubucin da ya matsar da iyakar raƙumi, ya sani ya matsar da birni. In ya kai raƙumi har bakin tekun arewa, to Bulgar ta zama zangon kwana ɗaya, arzikinta ya koma wani wuri, masu jiragen ruwa sun rasa rabin sana'arsu. Richard Bulliet, a cikin The Camel and the Wheel na 1975, ya kawo hujja cewa bayan an ƙirƙiro sirdin raƙumi mai inganci a arewacin ƙasar Larabawa, raƙumi ya fi amalanke arha, har amalanke ta ɓace daga yawancin Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka na tsawon ƙarnoni, titunan birane suka koma lunguna. Idan sirdi kaɗai ya iya canza fasalin gari, to labarin da zai ba Turawan arewa raƙumi amma ya bar garuruwansu da hanyoyinsu da abincinsu da karin maganarsu yadda suke, ado kawai ya yi. Ma'aunin ke nan: canji guda a yarda da shi, amma duk abin da ya biyo baya dole ya bi halin dabbar da halin ƙasar, kuma dole wani ya samu, wani ya rasa.

Abdullahi Burja, Dutse Da Raƙumi

Yanzu mu dawo gida. Raƙumi baƙo ne a ƙasar Hausa, kuma harshenmu da kansa ya ba da shaida, domin masana harshe sun nuna kalmar "raƙumi" aro ce daga harsunan Barbar, dangin harshen Buzaye. A zanen da mutanen da suka bari a jikin duwatsun Birnin Kudu, saniya ce ta cika wurin. Ko a Arewacin Afirka ma, a shekara ta 46 kafin Miladiyya, raƙuma 22 da Kaisar ya ƙwace daga sarki Juba abin a rubuta ne a tarihi, amma zuwa ƙarni na 4 har wani kwamandan Rum yana neman raƙuma 4,000 daga birni guda, Leptis Magna, a ƙasar Libiya ta yau. A tsakanin waɗannan ƙarnoni ne raƙumi ya mallaki Sahara.

Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, aka kuma buga shi da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ya ce Sarkin Kano Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452 bisa lissafin da aka saba, shi ne farkon wanda ya mallaki raƙuma a ƙasar Hausa, shi ne kuma ya buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja. Wannan sarki dai shi ne wanda littafin ya ce ya je Dutse, ya kuma auri 'yar Sarkin Dutse. A zamanin Yakubu, daga 1452 zuwa 1463, littafin ya ambaci zuwan Asbinawa Gobir da yawaitar gishiri a ƙasar Hausa. Mai karatu ya lura da jerin: raƙumi, hanya, gishiri. Ya kuma lura cewa sunan Dutse ya fito a cikin labarin sarkin da raƙumi ya fito.

Kamar yadda raƙumin Asiya ya tsaya a bakin Bolga, haka namu ya tsaya a ƙasar Hausa. Kudu da nan akwai laima da ƙudan tsando da sauran ƙudaje masu cizo da ke ɗauke da cututtuka dangin sammore, waɗanda raƙumi ba ya jure musu. Ko a nan Jigawa kowa ya san al'adar masu raƙuma: su gangaro da kaka su ci abin da ya rage a gonaki, ruwa na sauka su yi arewa. Ayarin gishirin Bilma, irin wanda Heinrich Barth ya biyo daga Azbin kafin ya shiga Kano a watan Fabrairu na 1851, a ƙasar Hausa yake sauke kantu. Daga nan zuwa Gwanja neman goro, ta Borgu har Salaga, aikin jaki ne da takarkari da 'yan alaro, ƙarƙashin madugu da jagaba da uban dawaki. Wannan rabon aiki yana cikin abubuwan da suka mai da Kano cibiya, yana kuma cikin abubuwan da suka kai Hausa zangunan Salaga da Kumasi inda ake jin ta har yau.

To ga tambayarmu ta gida: da a ce raƙumin Burja yana jure ƙuda da laima, yana iya wucewa Gwanja kai tsaye, wa zai riƙe fataucin goro? Mai yiwuwa Buzu ne, tun da shi ke da dabbar, shi ya san kiwonta. Da haka ta faru, wane harshe za a riƙa ciniki da shi a Salaga? A ganinmu wani ɓangare na yaɗuwar Hausa bashi ne da muka ci daga raunin ƙafar raƙumi. Wannan magana ba a ganin ta sai an yi tambayar "da a ce", kuma wannan kaɗai ya isa ya wanke fannin daga zargin wasan yara.

Littattafanmu A Kan Ma'auni

Daga cikin littattafai biyar da gasar Rupert East ta 1933 ta haifar, Ganɗoki na Malam Bello Kagara shi ne ya zo bakin ƙofar tarihin da-a-ce. Kashin farko na littafin a kan ƙasa yake tsaye: ga yaƙe-yaƙe da Turawa, ga sunayen garuruwa da sarakuna na gaskiya, har zuwa Burmi a 1903. A daidai nan, inda marubucin tarihin da-a-ce zai tambayi abin da zai sa sakamakon ya canza, ko bindiga ce, ko haɗin kan sarakuna, ko hanyar abinci, sai Malam Bello ya ɗauke tauraronsa ya kai shi duniyar aljannu da ƙasashen gabas, inda ya yi ta samun nasarar da ta kuɓuce masa a gida. Da ya dawo kuwa ya tarar da mulkin Turawa ya zauna daram. Muna sane da cewa littafin ya fito ne ta hannun hukumar Turawan mulkin mallaka, kuma babu yadda za a buga wa Bahaushe labarin da Lugard ya sha kashi a 1934. Amma ta fuskar zubi, abin da ya faru shi ne aljani ya karɓi aikin sababi. Nasarar Ganɗoki tana sanyaya zuciya, sai dai ba ta koya wa mai karatu dalilin faɗuwar Kano da Sakkwato.

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa bai juya tarihi ba ko kaɗan, amma shi ne ya fi cika sharaɗin da muka gindaya. A cikinsa hamada tana da nisa da ƙishirwa da haɗari, ayari yana da tsari, kuma hanyar da ta kai Umar ƙasar Larabawa ya zama malami ita ce ta kai mahaifiyarsa Murzuk da Tarabulus cikin bauta. Guguwar rairayin da ta halaka ayarin a hanyar dawowa daga halin ƙasar ta fito. Marubucin ya nuna wanda ya samu da wanda ya rasa a hanya guda. Duk mai son rubuta tarihin da-a-ce da Hausa, daga wannan littafi ya kamata ya koyi ladabin sababi.

Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, na 1969, ya tabbatar da cewa Hausa tana iya ɗaukar labarin da aka gina a kan tunanin kimiyya, ko da yake sama ya nufa, bai juya baya ga tarihi ba. Littattafan yaƙi da jarumtaka da suka yawaita a kasuwar Kano daga shekarun 1990 kuwa, waɗanda ɗalibanmu suke karantawa a ɓoye ƙarƙashin benci, suna da ƙarfin jan hankali wanda ba za mu raina ba. Sai dai a yawancinsu ƙasar ba ta da taswira, kuma dabbar hawa, doki ce ko raƙumi, ba ta jin yunwa, ba ta ciwo, ba ta da kuɗi. Jarumi kan ƙetare hamada a sakin layi guda. An mayar da mai karatu raƙumi da akala, duk inda marubuci ya ja sai ya bi, ba shi da abin da zai riƙe ya ce wannan ba zai yiwu ba. Tarihin da-a-ce kuwa daɗinsa yana cikin ba mai karatu wannan dama ta yin gardama.

Labarin Da Ke Jiran Marubuci

A ce wani marubucinmu ya ƙaddara cewa Sarkin Dutse ne ya riga Burja samun raƙuma, ta hannun fataken Barno. Hanya mafi sauƙi ita ce ya hau da mayaƙan Dutse kan raƙuma su tarwatsa rundunar Kano. Wannan kuskure ne, kuma ma'auninmu zai kama shi nan take. Yaƙin ƙasar Hausa na doki ne. Tarihin Kano ya ce tun zamanin Kananeji, kafin Burja, aka shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Duwatsun da suka kewaye Garu kuwa kariya ce ga mai kibiya, amma azaba ce ga tafin raƙumi.

Idan raƙumi zai canza rabon Dutse, a kasuwa zai canza shi. Marubuci sai ya tambayi kansa: ina za a yi zangon ayari, ina rijiyoyin da za su shayar da ɗaruruwan dabbobi, wa zai ba da masauki, wa zai karɓi fito? Ina garken zai koma da damina, kuma wane sarki ne ke tsakanin Dutse da can, me zai nema kafin ya bari a wuce? In gishiri ya yi arha a Dutse kafin Kano, ina masaƙa da marina da dukawa za su tare? Sannan kada ya manta da ɓangaren da ba shi da daɗin ji. A zamanin Burja ɗin nan ne Tarihin Kano ya ba da labarin Galadima Dawuda yana kai hari kudu yana aiko da bayi dubbai. Raƙumin da ya kawo gishiri da littattafai, ayarinsa da mutane yake komawa. Dutsen da ta gaji kasuwar Kano za ta gaji wannan ciniki, kuma ƙauyukan da ke kudu da ita su za su biya. Labarin da zai ba mu ɗaukaka ya ɓoye wannan, kirari ne.

Tauraron irin wannan labari ma bai kamata ya zama sarki ba. 'Yar Sarkin Dutse da aka kai Kano aure, wadda tarihi ya ambata a taƙaice ya wuce, ta isa ta riƙe littafi guda. Haka bawan da aka ba kiwon dabbar da bai taɓa gani ba, wanda in ta mutu a hannunsa da damina ransa ne a bakinta. Marubuci yana da inda zai yi bincike ba tare da ya bar Jigawa ba. Kasuwar Maigatari tana ci ranar Alhamis, kuma a can zai sami masu raƙuma da dillalansu, waɗanda za su gaya masa abin da amale yake ci, da nauyin da yake ɗauka, da abin da ke kashe shi. A arewacin jihar zai ga manoma suna huɗa da raƙumi. Yana kuma da misalin abin da kan faru in iyaka ta matsa: da layin dogo ya iso Kano a 1911, kayan da ke bin hamada zuwa Tarabulus suka juya zuwa Ikko, gyaɗa ta hau gadon sarauta, iyalai da yawa suka tashi, wasu suka faɗi.

Kammalawa

Mun ga cewa raƙumi a arewacin Turai tambaya ce mai wuyar tsayuwa, saboda laima da taɓo da jinkirin haihuwa da kuma samuwar jirgin ruwa, amma gwada ta ya fito mana da abu mai amfani, wato muhimmancin wurin da raƙumi yake sauke kaya. Da wannan muka auna Ganɗoki muka ga ya kauce wa sababi, muka auna Shaihu Umar muka ga ya riƙe shi, muka kuma ga cewa ƙasar Dutse tana da nata "da a ce" a cikin zamanin Abdullahi Burja.

Abin da ya sa muka damu da wannan shi ne yadda yaranmu suke ɗaukar tarihi. A wurin yawancinsu jerin sunaye ne da shekaru da ake haddacewa don jarrabawa, kamar dai Kano ta zama Kano ne haka kawai, Dutse kuma ta jira har 27 ga Agusta 1991 ta zama babban birnin jiha haka kawai. Yaron da ya karanta labari mai kyau na yadda abin zai iya kasancewa daban, dole ya tambayi dalilin da ya sa ya kasance yadda yake, kuma mai wannan tambaya ya fara zama manazarci. Muna kira ga 'yan'uwa marubuta, musamman matasa masu ƙarfin alƙalami, da su gwada wannan fanni, da sharaɗin su karanta Tarihin Kano tukuna, su kuma je su zauna da masu raƙuma. Mu kuma manazarta aikinmu ne mu jira littafin da ma'auni a hannu. Allah ya sa mu dace, amin.